Tun da aka yi wa Mama gwajin mantuwa na daina barci

Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 73, ni nake zaune da ita tun bayan rasuwar mahaifinmu. Watan jiya na raka ta ganin likita saboda hawan jini. Da na ambata cewa ta fara maimaita tambaya, kuma sau biyu ta sha maganinta ta manta ta sake sha, sai ya yi mata wani ɗan gwaji na 'yan mintuna. Ya ce sakamakon bai kai yadda ake so ba, ya tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa. Tun ranar ban sake barcin kirki ba. Ko makulli ta ajiye ta manta sai gabana ya faɗi. Na koma ina tambayarta wace rana ce yau don in gwada ta, har ta fara jin haushina. Yayana ya ce gigin tsufa ne kawai, tunda ba magani mene ne amfanin tone-tone, ni na jawo mana tashin hankali. Ita kuma Mama ba ta san abin da likitan yake zargi ba. In ci gaba da binciken ko in bari? In gaya mata? Wani lokaci ji nake da ma ban buɗe baki ba.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Zan fara daga inda kika tsaya, domin wannan "da ma" ɗin ce ta fi tsaya mini a rai. A ce kin yi shiru ranar. Kun karɓi magani kun dawo gida, kin yi barcinki lafiya lau. Mama kuwa tana nan tana ninka ƙwayar da aka ce ta sha sau ɗaya, alhali maganin hawan jini idan ya yi yawa yana saukar da jini har jiri ya ɗebi mutum ya faɗi. Faɗuwa ga mai shekara 73 ba wasa ba ce, karayar ƙugu kaɗai tana iya kwantar da dattijo ya kasa sake tashi. Mantuwar ta riga gwajin shiga gidanku. Ke kika gan ta, kika faɗa wa wanda ya kamata ya ji. Ban ga laifinki ko kaɗan a nan ba.

Na lura kin ɗauki gwajin kamar hukuncin alƙali, don haka bari in gaya miki girmansa na gaskiya. Irin waɗannan gwaje-gwaje gajeru ne ƙwarai. Akwai wanda ake faɗa wa mutum kalmomi uku, a sa shi ya zana agogo da lambobinsa, sannan a ce ya maimaita kalmomin. Minti uku ya ishe shi. Akwai MMSE, wanda ake amfani da shi tun 1975, da kuma MoCA da aka tsara a Kanada, kowannensu maki 30 ne. Aikinsu ɗaya ne, su nuna wa likita wanda ya kamata a ƙara dubawa. Ba su da ikon cewa wance tana da cutar mantuwa, balle su faɗi wace iri ce. Kuma abubuwa da yawa suna rage maki alhali ƙwaƙwalwa lafiyarta ƙalau. Wanda kunnensa ya yi nauyi bai ji kalmomin sosai ba tun farko, ina zai tuna su? Wanda bai yi nisa a makaranta ba, ko aka yi masa tambayoyin da harshen da ba nasa ba, ko bai saba riƙe biro ba, zai iya faɗuwa a inda babu ruwan cuta. Waɗanda suka tsara MoCA sun san da haka, shi ya sa ake ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba. Ga kuma fargaba. Ko ke aka tsare a gaban likita aka ce ki riƙa cire bakwai daga ɗari kina komawa baya, sai kin ɗan diririce.

Ko da an ƙara dubawa an ga lallai tunanin ya ragu, da sauran tambaya: me ya rage shi? Wannan ita ce hujjata mafi ƙarfi ta cewa ki ci gaba da binciken. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo mantuwa da ruɗewa, kuma ana yawan samunsa ga tsofaffi, musamman waɗanda suka daɗe suna shan metfomin na ciwon suga. Raunin tayirod, 'yar halittar nan da ke gaban wuya, yana sa tunani ya yi sanyi. Magungunan barci, da wasu na mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, da wasu na riƙe fitsari, suna dagula wa dattijo lissafi. Sai ciwon damuwa, wanda ke da kanki kika ba ni dalilin tunawa da shi da kika ce mahaifinku ya rasu. Matar da ta rasa abokin zamanta na shekaru tana iya rasa barci da natsuwa har a ɗauka ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu. Ba zan yaudare ki ba, ba ga kowa ake samun dalili mai sauƙin gyara irin wannan ba, waɗanda ake samu ma su ne tsiraru. Amma gwajin jini da duba jakar magunguna ba su da wahala, kuma babban rashi ne a bar mace ta rayu da abin da ake iya gyarawa saboda tsoron abin da ba a iya gyarawa.

Akwai kuma wani mataki a tsakiya da likitoci suke kira ƙaramin raunin tunani: mantuwar ta wuce ta sa'o'in mutum, amma yana gudanar da harkokinsa da kansa. Cikin masu wannan, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne sukan shiga cutar mantuwa a kowace shekara. Wasu sukan daɗe a haka, wasu ma su dawo daidai.

Yanzu ga maganar Yaya. Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma ina so ki san haka kafin ku sake zama. Gaskiya ne har yau babu maganin da ke warkar da cutar Alzaima, wadda ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu cutar mantuwa. Magunguna irin su donefezil da memantin suna ɗan rage alamomi na wani lokaci ga wasu mutane, ba sa tsayar da cutar. Sababbin da aka amince da su a Amurka, lekanemab a 2023 da donanemab a 2024, suna ɗan rage mata gudu ne kawai, ga masu matakin farko, kuma suna da haɗarin kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. Hatta manyan kwamitocin masana ba su ce a bi kowane dattijo ana gwada shi ba. Kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya ce a 2020 hujjojin da ke ƙasa ba su isa a yanke cewa amfanin gwajin ya fi illarsa ba, na Birtaniya kuma bai goyi bayan a gwada kowa da kowa ba. Sai dai duk wannan magana a kan dattijan da ba a ga wata alama a tare da su ba ce. Mama an ga alama. Wanda ya ninka magani sau biyu ya wuce layin waɗanda ake muhawara a kansu, ya shiga layin waɗanda ake bincika.

Inda ya kuskure shi ne "gigin tsufa ne kawai". Tsufa yana sa mutum ya manta suna ya tuna bayan an jima, amma ba ya hana shi sanin hanyar gidansa. Cutar mantuwa ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma ba hauka ba ce. Matar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya ba da labarinta a 1906, wadda daga ita aka san cutar Alzaima, shekararta 51 kacal lokacin da aka kawo masa ita. Duk da haka kada ki yi faɗa da Yaya. Sau da yawa mai cewa "ba komai" tsoro ne ya hana shi kallo, shi ma uwarsa ce. Ki ce masa ya raka ku ganin likitan, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Abin da ɗa ya ƙi karɓa daga ƙanwarsa yakan karɓa daga likita.

To, ke fa? Don a gaskiya wasiƙarki a kanki take fiye da Mama. Gwajin da wuri yana da farashi, kuma mai jinya ce take biyansa. Ya tsawaita miki lokacin fargaba. Ya sa kin fara makokin mutumin da ke zaune a gabanki yana hira. Ya mayar da ke mai gadi a cikin gidanku, kowane motsi nata kina auna shi. Wannan duka gaskiya ne, kuma ba ke kaɗai kike jin haka ba. Amma ki dubi abin da jahiltar ciwon yake yi wa gidaje. 'Ya takan yi shekara biyu ko uku tana faɗa da uwarta a kan cewa da gangan take yi, ba ta saurara ne, rigima ce kawai ta tsufa. Uwa ta ɓoye kuɗinta ta manta inda ta sa, ta ce jikarta ce ta ɗauka, zumunci ya ɓaci a kan satar da ba a yi ba. Ranar da aka gano ciwo ne, sai nadama ta zo ta tarar da gajiya. Wanda ya sani da wuri yana iya tsallake waɗannan shekarun faɗan.

Abin da bincike ya nuna ya yi daidai da abin da hankali zai ba mutum. A jihar Indiyana ta Amurka an raba dattijai 4,005 gida biyu, aka yi wa rabi gwajin mantuwa, aka bar rabi. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna gwajin bai ƙara musu damuwa ko fargaba ba, amma kuma bai kyautata rayuwarsu ba, kuma da yawa daga waɗanda suka faɗi gwajin sun ƙi zuwa binciken gaba. Wato gwajin shi kaɗai bai taɓuka komai ba. A Ingila kuwa an ɗauki masu jinyar 'yan'uwansu aka yi musu zama takwas kacal, ana koya musu yadda ciwon yake, yadda za su bi da halayen da yake kawowa, da yadda za su kula da kansu. Damuwarsu da fargabarsu sun ragu, kuma bayan shekara shida ana ganin bambancin. A Jami'ar New York an ba ma'aurata masu jinyar abokan zamansu shawarwari da tallafi tare da danginsu, sai aka ga sun iya riƙe marasa lafiyarsu a gida kusan shekara ɗaya da rabi fiye da waɗanda ba su samu ba. Idan kika tsaya a inda kike yanzu, kin biya farashin gwajin kin bar ribarsa. Wannan tsakiyar, ta zargi babu tabbaci, ita ce wuri mafi azaba a duk tafiyar, kuma Yaya yana ba ki shawarar ki tare a cikinta ne ba tare da ya sani ba.

Maganar tambayarta wace rana ce, ki daina daga yau. Na san daga ƙauna ta fito, amma ki sa kanki a matsayinta: 'yar da kika haifa tana yi miki jarrabawa kowace safiya, kina ganin tsoro a idonta duk lokacin da kika yi jinkirin amsa. Ba ya gyara komai, ba ya ƙarfafa ƙwaƙwalwa, kunya da fushi kawai yake haifarwa. Ke ma ba ya ba ki amsa, don yau za ta ci gobe ta faɗi, ki kwana a sama ki tashi a ƙasa. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika gani a zahiri, da ranarsa: ta bar wuta a kunne, ta tambayi abu kaza sau huɗu cikin awa ɗaya, ta kasa lissafin da ta saba yi. Layi ɗaya ko biyu, sannan ki rufe littafin. Likita yana buƙatar wannan bayani sosai, domin shaidar wanda ke zaune da mutum tana cikin abin da ake dogara da shi wajen gano ciwon. Ke kuma ya sauke miki kayan daga ka zuwa takarda. Idan ta maimaita tambaya, ki ba ta amsa kamar karon farko ne. "Ai na gaya miki ɗazu" ba ta dawo da abin da ya ɓace. In hira kike so, ki ja ta zuwa ƙuruciyarta da zamanta da mahaifinku. Tsohon tunani ya fi daɗewa, kuma a can ita ce mai sani, ke ce mai tambaya.

Kada kuma tsoro ya sa ki ƙwace mata ayyukanta. Magani kam ki karɓi ragamarsa, ki samo akwatin nan mai gida-gida na kwanakin mako, ki riƙa zuba mata. Sauran abin da take iya yi ki bar mata, ko da a hankali take yi. Ki tabbatar ana kula da hawan jininta yadda ya kamata, a duba kunnenta da idonta, ta riƙa tattaki, ta riƙa ganin mutane. Hawan jini da ba a kula da shi ba yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma wannan yana cikin manyan hanyoyin da cutar mantuwa take shigowa.

Shin ki gaya mata? Ra'ayina shi ne e, kuma kafin ranar ganin likitan. Kanta ne, rayuwarta ce, kuma ina kyautata zaton ta riga ta ji a jikinta cewa wani abu ya canza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila ita ma tana ɓoye miki tsoronta kamar yadda kike ɓoye mata naki, kowa na kwana da nasa a ɗaki ɗaya. Ba sai kin kira sunan wata cuta ba, tunda ba a tabbatar da komai ba. Ki zauna da ita lokacin da hankalinta yake kwance ki ce: "Mama, likita ya ce yana so a ƙara duba abin da ke sa ki mantuwa, don wani lokaci daga jini ne ko daga magani. Ke kin lura da wani abu?" Sai ki yi shiru ki saurara. Daga baya ki tambaye ta: "Idan an gano wani abu, kina so a gaya miki duka, ko kin fi so a gaya mini?" Akwai masu son su ji komai, akwai masu cewa a bar su, kuma kowanne haƙƙinsa ne. Idan ta ce lafiyarta ƙalau, kada ki ja. Wani lokaci ciwon ne da kansa yake hana mutum ganin rauninsa, ba taurin kai ba ne. Ki bar maganar ki dawo mata wata rana ta wata ƙofar. Abin da ba na so shi ne ta shiga ɗakin likita ta tarar kowa ya sani sai ita. Wannan yana karya amana, kuma amanarta ce jarinki idan tafiyar ta yi tsawo.

Idan aka tabbatar ciwon ne, babbar ribar sani da wuri ita ce Mama tana nan da bakinta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Yanzu ne za ta iya faɗin wanda take so ya kula da dukiyarta idan ta kasa, inda takardunta suke, wanda ke binta bashi da wanda take bi, inda take so ta zauna, da irin jinyar da take so da wadda ba ta so. Takardar wakilci a gaban doka tana buƙatar mai bayarwa ya fahimci abin da yake sa wa hannu, don haka tana da lokacinta, idan ya wuce ya wuce. 'Yan'uwa da yawa sun ɓata a kan "da Mama cewa za ta yi kaza", alhali da an tambaye ta tun da wuri da ta raba gardamar da kalma ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ba a zama ɗaya ake gama wannan ba, kuma ba wannan makon ba.

Sai abin da nake roƙonki da shi fiye da komai: kada ki bari kasancewarki wadda ta fara gani ta mayar da ke wadda za ta ɗauka ita kaɗai. Haka yake faruwa a gidaje da yawa, ba tare da kowa ya zauna ya yanke hakan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, masu jinyarsu na gida suna ba su kimanin awa biyar a kowace rana, kuma kashi 70 cikin ɗari na waɗannan awoyi mata ne suke bayarwa. Raba aiki ya fi sauƙi yanzu da aikin bai yi nauyi ba. Kada ki ce wa 'yan'uwanki "ku taimaka", kowa zai ce to ya tafi. Ki ce wane kai ne mai raka ta asibiti, wance ke ce mai zama da ita ranar kaza, wane kai ne mai kuɗin magani. Ko Yaya bai yarda akwai ciwo ba, zai iya yarda cewa ƙanwarsa tana buƙatar yini ɗaya a mako. Kuma wata guda babu barci ba abin rainawa ba ne. Idan ya ci gaba, ko kika ga kin daina jin daɗin komai, ko kuka yana zuwa miki babu dalili, ke ma ki ga likita a kan kanki.

Abu ɗaya da ba ya jiran ranar da aka ba ku: idan Mama ta rikice farat ɗaya cikin awoyi ko kwana ɗaya, ko bakinta ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ɓarin jiki ya yi nauyi, ku tafi asibiti nan take. Cutar mantuwa a hankali take tafiya, ruɗewar gaggawa kuwa takan zo daga zazzaɓi, ciwon fitsari, magani, ko shanyewar ɓarin jiki.

Ranar da za ku je, ki tafi da littafinki, da duk maganin da take sha a cikin kwalayensa har da wanda ba likita ne ya rubuta ba, da tabaranta, da Yaya idan ya yarda. Ki bari ita ta fara amsa tambayoyin, kada ki riga ta. Idan akwai abin da ba kya so ki faɗa a gabanta, ki rubuta ki miƙa wa likita. Kafin ku tashi ki ce masa: "Likita, ni ce nake zaune da ita, ni wa zai koya mini yadda zan yi, kuma wa zan kira idan abu ya canza?" Kada ki fito sai an ba ki amsa. Bayan nan ki sake rubuto mini abin da aka ce, mu duba mataki na gaba tare.